Ni Na Tsayar da Yoyon Jar Mota

Zuwa ga Alhaji Bashir, Abu Nasir, mai warshar gyaran motoci da ke unguwar Kurayyat, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ni ne Idrisu bakanike na Nuzla, wanda ya shekara goma sha tara yana kwanciya a ƙarƙashin motocin warsharka. Na rubuta wannan takarda a fili ne saboda a fili aka yi mini abin. Bidiyon da ka sa a shafin warsha, matata ma ta riga ni gani.

Na ɗaya. Ranar Asabar ɗin da babban kwastomanmu Dakta ya kawo jar motarsa ta tsere, mai ƙofa biyu, tana zubar da man giya, kowa ya bar aikinsa ya zo kallo. Ni ma na goge hannu na matso. Sai ka tsallake ni ka miƙa makulli ga Munir, wanda ka ɗauka wata bakwai da suka wuce don yana da takardar makaranta da na'urar da ake jona wa mota. Ka ce irin wannan mota ba ta son tsohon hannu. Da dariya ka faɗa, ni ma na yi dariya, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Na biyu. Munir ya jona na'urarsa, ba ta nuna masa komai ba, don na'ura ba ta ganin ɗigo. Ya ce robar farantin ƙasan giya ce ta mutu, ya canja ta, ya zuba sabon mai. Dakta ya ɗauki motarsa Litinin, ya dawo Laraba rai a ɓace, da hoton jan tabo a tsakar gidansa. A nan Munir ya ce sai dai a sauke giyar gaba ɗaya. Na ga yadda fuskarka ta canja, don ka san Dakta ba zai sake kawo mana ko keke ba.

Na uku. Alhamis bayan la'asar ka same ni ina gyaran birkin wata tsohuwar motar kaya, ka sunkuyo ka ce in ɗan leƙa, amma kada kowa ya ji. Na wanke ƙasan motar tas, na busar, na barbaɗa farar hoda, na shimfiɗa kwali. Tana da sanyi, ko ɗigo. Na bar injin ya yi zafi sosai, sai ga jan layi yana ratsa hodar daga sama. Tiyon da ke kai man giya wurin sanyaya ne ya tsage, tsaga siririya kamar gashi, man yana gangarowa ya taru a bakin faranti, wanda bai yi laifin komai ba. Na zura hannu ta bayan salansa na canja tiyon, na cika mai daidai ma'auninsa. Ƙunar salansar tana nan a damtsena, kana iya zuwa ka gani.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Asabar da safe ka ce, yalla, maza, Munir ya fita da Dakta su gwada mota a hanyar bakin teku. Da suka dawo ka ɗauki bidiyo, Dakta yana dafa kafaɗarsa, ka rubuta cewa injiniyanku ya gano matsalar. Ni ma na fito a ciki: bayana ne a kusurwa, ina wanke hannu. Washegari ka sanar cewa Munir ne shugaban ma'aikata.

Alhaji, ba zan yi maka ƙarya ba, kishi nake yi. Na gwada kiransa da wani suna, na ce neman gaskiya ne, na ce kare mutunci ne, amma kishi ne tsantsa. Ina kishin farar rigarsa da ba ta baƙi. Ina kishin yadda kake kiransa ofis ku sha shayi, ni kuwa sai ka ƙwala mini kira daga bakin ƙofa. Da na ji rugugin injin nan yana fita daga warsha da wani a kujerar direba, sai da na shiga bayan gida na tsaya har ƙarar ta ɓace. Kuma abin da ya fi ci mini rai, Munir mutumin kirki ne. Kullum sai ya gaishe ni da mu'allim. Ya zo da kansa ya tambaye ni yadda ake aikin hodar, na ce masa na manta. Ni da na koya wa mutum goma sha ɗaya sana'a ban taɓa ɓoye ko kusa ɗaya ba, yau ga inda ka kai ni. Na yi istigfari a kan wannan, kuma ban daina jin zafin ba.

Ga roƙona. Ba na neman ka sauke Munir, na'urarsa tana ganin abin da ba na gani. Ka faɗa wa Dakta da bakinka wanda ya gyara motarsa. Ka gyara rubutun da ke ƙarƙashin bidiyon. Sannan idan za ka neme ni a kan aikin da ya gagara, ka kira sunana da ƙarfi, a tsakiyar warsha. Idan wannan ya yi maka nauyi, halas, shi ke nan, ka sallame ni da alheri tun zuciyata ba ta lalace a kan bawan Allah da bai cuce ni ba.

Kuma a tuna wa Dakta ya dawo bayan mako biyu a duba ma'aunin man yayin da motar take da zafi. Kowa ka ba wa aikin, ya kira ni, zan nuna masa.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya albarkaci warsha da duk mai ci a cikinta, ya yaye mini abin da ke raina.

Wassalam.

Idrisu bakanike, Nuzla, Jidda.