Jiniyar Ƙarfe Biyu

Panshekara, Kano
Litinin

Inuwa, jiniyar masaƙa ta yi kuka a tsakar gidana!

Gafarta mini, murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum. Ina iyali, ina mutanen Maigatari? Injin saƙa ya cinye mini kunne, waya ba ta yi mana amfani, shi ya sa na ba direba wannan. Da hannuna na rubuta, karatun yamma bai tafi a banza ba.

Ka san halin da matata Hajjo take ciki. Shekara biyu ke nan tsufa ya rikita ta. Kallon baƙo take yi mini. Ta ce maigidanta yana aiki a masaƙar Challawa, ba za ta ci abinci ba sai an busa tashi ya dawo. Masaƙar kuwa shekara goma sha takwas da rufewa. Ta rame, Inuwa. Kunu ma sai da lallashi.

Jikata Mas'uda mai karatun lantarki ta sayo wani ɗan allon lantarki a Sabon Gari, bai fi kwalin ashana biyu ba. Ta jona masa wayoyi da abin murɗawa uku da lasifikar tsohuwar rediyona, ta rubuta masa umarni da kwamfuta. Ba ɗaukar murya yake yi ba, ƙera ta yake yi. Ina kwaikwayon jiniyar da baki, tana murɗawa tana dariya: "Kaka, wannan ai kukan akuya ne!" Kwana tara muna fama. Jiya da ƙarfe biyun rana sai ta tashi, siririya, ta yi sama, ta yi sama, ta sauko a hankali. Na rufe ido, sai ga kekuna ɗari suna kwararowa daga get, rana tana wasa a kan kogi, dukanmu samari, babu wanda ya rasu.

Amma Hajjo ta saurara, ta rufe kwanon tuwo da faifai, ta shige ɗaki. Ko loma. Kai ka yi shekara ashirin kana busa ta a bakin get. Me muka rasa?

Naka,
Yahaya


Maigatari
Alhamis

Wa'alaikumus salam, kurman masaƙa. Allah ya ba Hajjo lafiya.

Ba ku rasa komai ba. Gaya mata kuka yi ba za ka dawo ba.

Ku da ke cikin ƙarar inji, farkon jiniya kawai kuke ji. Wata rana matan Panshekara suka same ni a get, Hajjo ce a gaba. Suka ce tuwonsu yana sandarewa duk ranar da aka riƙe ku ƙarin aiki. Muka ƙulla: in busa ɗaya ce doguwa, an riƙe maza, a rufe abinci. In ta kusa mutuwa na sake taɓa ta kaɗan, kamar atishawa, to suna hanya. Manaja ya ɗauka makunnin ne ya lalace, sau uku yana sa a canza shi. Ladana dambu duk Juma'a, na matarka ya fi yaji.

Gaya wa injiniyarku ta ƙirga uku bayan ta sauko, sannan atishawar. Kai kuma kada ka zauna kamar buhu. Fita waje, ka shigo da sallama.

Ina gaida kowa.
Inuwa


Panshekara
Lahadi

Assalamu alaikum. Inuwa, ta ci!

Mas'uda ta ƙara atishawar. Na tsaya a zaure riƙe da keke. Jiniya ta sauko, shiru, sai ɗan kukan nan. Na yi sallama.

Hajjo ta riga ta shimfiɗa tabarma. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Yau ba su riƙe ku ba?" Ta miƙa hannu tana kakkaɓe mini furfura: "Dubi gemunka, duk auduga."

Kwano ɗaya muka ci, har ta ƙwace mini nama. Kafin la'asar na sake zama baƙo, amma gobe ma akwai ƙarfe biyu.

Ka zo. Ka taho da iyalinka, ka gaya wa duk wanda ya rage cikin 'yan masaƙa, na Jigawa da na Nijar. Ku iso kafin azahar, ku tsaya tare da ni a zaure, mu shiga gaba ɗaya ku gani.

Naka har kullum,
Yahaya