Kakana Ya Ƙi Rabuwa Da Tsutsar Cikinsa

Gwaggo mai shawara, don Allah ki taimake ni. Bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina, alhali ni ba mai yawan magana ba ce.

Ina aji biyar a sakandare. Kakana na wajen uba yana da ɗan lambu a bayan gidanmu, kullum yana ciki ba takalmi. Kwanakin baya ya fara haki, tafin hannunsa ya yi fari fat. A asibiti aka ce tsutsar ciki ce, irin mai shiga ta ƙafa ta maƙale a hanji tana shan jini. Aka ba shi ƙwayoyi.

Da aka dawo, ana cin abinci, Baba ya ce in faɗi abin da aka koya mana game da tsutsa. Na sunkuyar da kai na karanto. Na ce tsutsa ta fi ƙarfin fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta, sai su yi mata taron dangi suna watsa mata guba, hanji kuma ya ƙara yauƙi yana murɗawa don ya tunkuɗa ta waje. Da na tsaya nan da shi ke nan. Sai na ƙara da cewa ita ma tana fitar da wani sinadari mai lallashin garkuwar jiki ta yi sanyi, har masana na binciken ko za a samu maganin asma daga cikinsa.

Gwaggo, Kaka yana da asma. Nan take ya tura ƙwayoyin ƙarƙashin matashi. Wai yanzu yana da likitoci a ciki, ba layi ba kati. In ya ƙara loma sai ya ce ta ma'aikata ce. Duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna ni, wai amaryarsa ce ta hana shi shan magani, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya daina yi mini fara'a. Jiya Kaka ya ɗauki bokiti, jiri ya zaunar da shi. Har na yi tunanin in daka ƙwayar in zuba masa a shayi, amma zuciyata ta ƙi. Yaya zan yi?

Jikar Mai Lambu

'Yata, ki yafe mini, na yi dariya har sai da na cire tabarau. Karatunki daidai ne, kin dai miƙa wa tsoho mai wayo rabin darasi. Shi ma Kaka ba wauta ba ce. Wanda ya daɗe yana fama da ƙirji, duk abin da aka ce zai sauƙaƙa masa numfashi zai riƙe shi hannu bibbiyu. Ga kuma daɗin tsokanarki da ya samu a ɓagas.

Amma jiri ba wasa ba ne. Masu binciken nan sinadarin suke son warewa su yar da tsutsar, kuma har yanzu gwaji ake yi. Ta cikinsa kuwa ba don tausayin ƙirjinsa take lallashin garkuwa ba, sai don ta sha jini ba mai korarta. Ƙarancin jinin ma haki yake ƙara masa.

Kada ki taɓa shayinsa. In ya gane, ko ruwa ba zai sake karɓa a hannunki ba. Ki bari sai abokansa sun cika ɗakin, ki nemi izini ki ƙarasa darasin: yadda bakinta yake, da dubban ƙwan da take zubawa kullum, da hanyar da suke bi su fita. Kar ki rage komai. Kafin ki kai ƙarshe shi da kansa zai ce a miƙo ruwa. Sannan Baba ya mayar da shi asibiti cikin satin nan a auna jininsa, a duba asmar, a kuma sama masa takalmi.

Kunya kam za ki sha, amma gara ke ki ji kunya da shi ya kwanta. Allah ya ba Kaka lafiya, ke kuma ya ƙara buɗa miki kai.