Hannun Daman Yahya

Unguwar Ƙurban, Madina
3 ga Maris

Munirat tawa,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Mama da mutanen Jos. Na iso lafiya. Jikin Baba da sauƙi, tunda har ya soma mitar gishiri a miya.

Yaya Sharfuddeen yana nan da halinsa. In yi masa Hausa, ya amsa da Larabci, sai ka ce Hausar za ta ƙona masa baki. Ya tambayi sana'ata, na ce malamin kiɗa ne ni. Ban yi ƙarya ba, ban dai ƙarasa ba. Ta yaya haifaffen Madina zai gane cewa Musulmi na kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan mai kama da fiyano, a coci ranar Lahadi, ya fito ya yi azahar? Ki gaya wa Fasto Bitrus zan dawo da wuri, in shirya wa taron kiɗana na Legas. Shekara tara ina jiran wannan rana.

Naki,
Yahya

11 ga Maris

Munirat,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Wani ya turo wa Yaya fostar taron a waya. Ga hotona a gaban ogan, ga gicciye a bayana, ga suna Yohanna, yadda mawaƙan coci suke kirana. Suna ɗaya ne da Yahya, amma wa ya tsaya tambaya?

Bayan la'asar ina fitowa daga motarsa ya kwaɗa mini mari, na faɗi, bakina ya cika da jini. Ya yi ta harbina da ƙafa a haƙarƙari yana kirana murtaddi, ni kuwa ina kalmar shahada da iyakar muryata, ko saurare bai yi ba. Sannan ya damƙi hannuna na dama, ya cusa a ƙofar motar, ya buga. Sau uku, Munirat. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Ba zan ɓoye miki ba, na kafa masa haƙori a dantse har na ciro nama, kuma da wuƙa na kusa, da yanzu wani labarin kike karantawa. Maƙwabtanmu mutanen Cadi ne suka ɓanɓare mu. Baba ya fito da rarrafe yana kiran sunayenmu.

Ina asibiti. Ki yi wa yatsuna addu'a.

Mijinki,
Yahya

19 ga Maris

Munirat tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma yatsu biyu sun mutu, jiya aka cire su. Yaya yana hannun 'yan sanda. Baba na roƙona in yafe don a sako shi. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, har yanzu zuciyata tafasa take yi.

Ki ce wa mutanen Legas su nemi wani.

Tun ranar ban zubar da hawaye ba, sai yau da safe. Ma'aikacin jinya ya shigo, ya tsaya yana kallon ƙarshen gado, ya tambaye ni me ke damun ƙafafuna. Kin san da ƙafa ake taka manyan muryoyin ogan. Na duba, ashe suna can suna ta bin waƙar da zan buɗe taron da ita, a jikin ƙarfen gado. Su ba su ji labari ba.

Ki gaida Mama, kada ki gaya mata tukuna.

Naki har kullum,
Yahya