Kwale-kwale Babu Kowa Ciki

Yaya Binta,

Salamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Mu nan unguwar Nuzla lafiya lau, sai kunya.

Shekaranjiya aka hango kwale-kwalen maigidana yana yawo a teku babu kowa ciki. Na yi ta kururuwa har kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ya garzaya wajen baƙin sojojin ceto masu jirgi mai saukar ungulu. Wuni suka yi suna nema, har ɗayansu ya karye garin sauka ta igiya.

Da la'asar sai ga maigidan riƙe da kankana, ya tarar muna ta kuka, yana tambaya, "Wa ya rasu?" Ashe bikin suna ya tafi a unguwar Sa'alaba, bai ɗaure kwale-kwalen sosai ba.

Gobe za mu je duba sojan a asibiti. Wallahi ban san da wane ido zan dube shi ba. Ki sa shi a addu'a, ki gaida su Kawu.

Ƙanwarki,
Hajara