Naɗi Uku a Hannun Dama

Mubarika, matata, farin goron da aka zaɓo daga tsakiyar huhu, ruwan farkon damina mai dukan kwanon rufin Zango har mutum ya daina jin muryar kansa, inuwar mangwaron da nake nema in rana ta take tsaka! Sallama a gare ki, sanyin idona. Sallama ga wuyan hannunki na hagu, wanda ba ni da bakin gaishe shi, don ni na karya shi.

Yau wata huɗu da kwana tara kina gidan kawunki Alfa Sanni a unguwar Dichemso, nan cikin Kumasi. Ya aiko mini cewa ran Juma'a mai zuwa, in an sauko daga masallaci, dattawa za su zauna, in zo in rubuta miki takardar saki. Ban ga laifinsa ba. Da 'yar ƙanwata aka yi wa abin da na yi miki, wallahi ba zan jira Juma'a ba, da adda zan je. Amma kafin ranar akwai maganar da ta shekara biyu tana cina, kuma ke kaɗai ce mai haƙƙin jinta.

Ba zan yi wa abin da ya faru ado ba. La'asar ce, ina zaune a tsakar gida, wayata ta yi ƙara a ɗaki, kika ɗauko ta, kika zo ta bayana kika dafa kafaɗata. Iyakar laifinki ke nan! Na juyo kamar san da wuƙa ta kuskure wa maƙogwaro, na cafke hannunki da haguna, na murɗe, na wurga ki kan durom ɗin ruwa. Na ji ƙarar ƙashin, irin ƙarar da nake ji kullum a mayanka. Na tattake wayar, na tarwatsa kabad ɗinki na gilashi, farantan aurenmu suka watse har bakin rariya. Ba ki yi ihu ba. Kallona kawai kika yi, jini na bin haɓarki, sannan kika ɗauki mayafinki da hannu ɗaya kika fita.

Ke ce fa, Mubarika! Kin tuna ranar da bijimi ya ƙwace a kasuwar shanu, ya tunkaro teburin da kike sayar da shinkafa da wake? Maza masu gemu suna haye katanga, har wani sarkin cika baki ya bar takalminsa ɗaya, ke kuwa kika tsaya da murfin tukunya a hannu, kina zazzaga wa dabbar zagi da Hausa da Twi, sai da ya ja ya tsaya yana kallonki. Na iso ina haki na kama igiyarsa, kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Massa, in ba ka iya riƙe sanka, je ka sai da koko." Tun daga ranar ban ƙara cin abincin kowa ba sai naki, har da ranar da gishiri ya yi miki yawa. Matar da ba ta guji bijimi ba, yau ita ce ta guji mijinta. Ina zan kai wannan kunyar?

Kin san 'yan fashi sun kashe Yaya Iddi a hanyar arewa. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne yadda ni na tsira. Muna dawowa daga arewa da mota cike da shanu, bayan mun wuce Kintampo da tsakar rana, wani jan sa ya kwanta a cikin motar, sauran suna tattaka shi. Muka sa Osmanu direba ya jingina bayan motar da wani tudu, muka sauke san ya sha iska. Ni ke riƙe da shi. Darasin farko da Yaya ya koya mini a sana'ar nan, da mari ya koya mini shi: ba a naɗe igiyar sa a hannu. Riƙewa ake yi, yadda in ya fizga za ka iya sakewa. Sai wayata ta yi ƙara, na ga sunanki. Don in sami hannun ɗauka, na naɗe igiyar sau uku a wuyan hannuna na dama. Kina ce mini in tsaya a Techiman in sayo doya, sai ga su sun fito daga ciyawa, su biyar, fuska a rufe.

Harbin farko sama suka yi. San ya zabura, ya ɗebe ni. Ya ja ni rub da ciki cikin ƙaya da tsakuwa da kututture, rigata ta tafi, fatar ƙirjina ta bi ta, kafaɗata ta goce, bakina ya cika da ƙasa da jini. Ina jin Yaya yana ƙwala kiran sunana, sau biyu. Na ji harbi na biyu. Bai ƙara kira ba. Da san ya gaji ya tsaya a wani kwari, na kwance kaina da haƙori, na rarrafo na dawo, na tarar da ɗan'uwana kwance a gefen kwalta, ƙudaje sun riga ni isa.

An mayar da kafaɗar, an ɗauki hoton ƙashi har sau uku, likitoci suka ce lafiya lau. To, in lafiya lau ne, me ya sa hannun ya dunƙule ya ƙi buɗewa? Me ya sa wuta ke tashi daga wuyan hannu, ta bi ta kafaɗa, ta sauka a gadon bayana? Ke shaida ce. Maɗori ya ja har na suma, wanzami ya yi mini ƙaho har ya rasa inda zai ƙara tsagawa, na sha rubutu, an yi mini ruƙiyya, na sha saiwoyin wata tsohuwa a Krofrom da suka kusa kai ni lahira. Ina cin tuwo da hagu kamar marar tarbiyya, ina miƙa wa dattawa hagu ina ba su haƙuri, ina ɗaga hannu ɗaya a wurin addu'a. In tayar trotro, motar haya, ta fashe, sai in tsinci kaina a cikin lambatu. Ga kuma abin da na ɓoye: a can ƙasan zuciyata, ke na ɗora wa. Da ba ta kira ba, da ban naɗe ba. Da ban naɗe ba, da ina tsaye kusa da ɗan'uwana. Ina son ki kamar raina, ina kuma jin haushinki, su biyun suna tunkuyar juna a ƙirjina. Ranar da kika zo mini da wayar nan tana ƙara, haushin ne ya yi nasara.

Osmanu ne ya ja ni wurin Anti Nasira, mako biyu bayan tafiyarki. Shi ma tun ranar bai iya taɓa sitiyari ba sai da ya bi ta hannunta. 'Yar Tamale ce, ta yi karatun lafiyar tunani, tana ganin mutane a wani ɗaki a saman bene a Oforikrom. Na shiga ina jiran allura ko ƙwaya. Babu! Tabarma ce, da kujeru biyu, da tulun ruwa. Na ce mata ni ba mahaukaci ba ne, kafaɗa ke mini ciwo. Ta ce, "Yoo, Massa Muhaimin, na ji. Amma jiki da zuciya gida ɗaya suke haya. Kai ka dawo Kumasi, hannunka bai dawo ba, yana can Kintampo." Kaɗan ya rage in jefe ta da kujera.

Fiye da wata uku muna abin da, da wani ne ya ba ni labarinsa, da na yi masa dariya. Ta sa ni dasa ƙafafuna a ƙasa in ji sanyin siminti. Ta koya mini fitar da numfashi a hankali, ya fi shigarsa tsawo. In zuciyata ta fara dukan ƙirjina, sai ta tsayar da labarin, ta ce in faɗa mata abu biyar da nake gani a ɗakin. Takan tambaye ni inda fushin yake zama a jikina, zafi ne ko nauyi, yana yawo ko yana tsaye. Ta bi diddigin cin abincina da barcina da sallata. Wata rana na naushi bangonta har fenti ya zubo. Ko gezau ba ta yi ba, ta ce in na gama in zauna, ba bangon ne ya harbe yayana ba. Sannan ta faɗa mini ido da ido cewa ciwona ya nuna inda abin da na yi miki ya fito, amma bai wanke ni ba. Na fita ina zaginta a zuciya, mako na zagayowa na koma.

Ran Talatar da ta wuce ta ce in zo da igiyar shanu. Ta tambaye ni me sa yake yi in ya tsira daga abin tsoro. Na ce ai kowa ya sani: makyarkyata yake yi, fatarsa ta yi ta rawa, ya hura hanci, sannan ya sunkuya ya ci ciyawa. Ta ce, "Kai fa, ka yi naka?" Ban yi ba, Mubarika. Na tashi ne na ɗauki gawa, na yi wa 'yan sanda bayani, na zauna karɓar gaisuwa, ina ta zama namiji. Da na yarda, ta naɗa mini igiyar sau uku, sako-sako, ta riƙe ɗaya bakin. Nan take na ji warin ƙasar nan, na ji ƙaya, na ji muryar Yaya! Gumi ya wanke ni, na yi gurnani, haƙorana suna karo da juna. Ta ce in buɗe ido in duba, ba mai ja, igiyar a kwance take. Ta ce in yi abin da hannun ya so yi ranar bai samu ba, amma a hankali. Na juya wuyan hannun, naɗi na ɗaya ya zame. Na biyu ya zame. A na uku jikina ya ɗauki rawa tun daga tafin ƙafa har muƙamuƙi, na zube kan tabarma ina kukan da ban yi ba ran jana'iza, na yi amai a bokitinta. Da na dawo hayyacina, igiyar tana ƙasa, yatsuna a miƙe, tafin hannun fari fat, da sawun farce huɗu a cikinsa.

A nan kwance na ga abin da fushi ya rufe mini shekara biyu. Su biyar ne da bindigogi, ni ko sanda ba ni da ita. Da ina tsaye kusa da Yaya, da kabari biyu aka tona. Ban gudu na bar shi ba, ja na aka yi, kuma kiranki ne ya ɗaure ni da san da ya fitar da ni. Wayyo ni, wadda ta cece ni ita na karya! Sannan wani abu ya faɗo mini da ya fi wannan ciwo. Ban kashe wayar ba ranar, faɗuwa ta yi a ciyawa a kunne. Kin ji harbin, kin ji Yaya yana kirana, kin ji shirun da ya biyo baya, kina tsaye gaban tukunyarki ba ki san wanne cikinmu ya mutu ba. Shekara biyu kina shafa mini man zafi, kina ɗaure kanki tamau da ɗankwali saboda ciwon kan da ba ya jin magani, ban taɓa tambayar ki me kika ji ba.

Ina kewarki, iskar da ke riga ruwa isowa! Ina kewar faɗanki, da dariyarki mai jawo maƙwabta, da ƙamshin shitonki, soyayyen yajin nan da ke sa ni atishawa tun daga bakin layi. Wa zai gaya mini gaskiya tsirararta in ba ke ba? Na share gilasan, amma har yau in rana ta haska tsakar gida nakan ga wani guntu yana ƙyalli, in tsuguna in tsince shi.

Ban ce na warke ba. Kafaɗar tana ciwo in hadari ya haɗu, jiya ma wani babur ya yi ƙara na sami kaina a bayan kanti. Amma na yi numfashina, na ƙirga abu biyar, ban fasa komai ba. Ban kuma ce ki dawo ba, ba ni zan sa wannan ranar ba. Roƙona ɗaya ne. Ran Alhamis da ƙarfe goma na safe ina wurin Anti Nasira. Ki zo, da Kawu ko da duk wanda kika amince da shi, ki zauna kusa da ƙofa, a bar ta a buɗe. In ba kya son ganina, ta ce za ta gan ki ke kaɗai, don kanki, ba don ni ba. Ki faɗi abin da kika ji a wayar nan, da abin da kika ji a tsakar gidanmu. Zan saurara da hannuwana a buɗe a kan gwiwa, inda za ki riƙa ganinsu.

In kuma Juma'a ta zo zuciyarki tana nan inda take, zan je gaban dattawa in rubuta takardar, ba gardama, ba ɗaga murya. Ba zan naɗe ki a hannuna ba, Mubarika. Zan riƙe ki ne yadda Yaya ya koya mini, yadda in kin fizga zan sake.

Ki yi haƙuri da rubutun, ya karkace kamar sawun kaza. Kwana uku na yi a kansa, biron yana ta suɓuce mini. Da hannun dama na rubuta shi, kuma sunanki ne kalma ta farko da hannun nan ya rubuta tun ranar Kintampo.

Naki, ko kin zo ko ba ki zo ba, har ranar da zan bi Yaya Iddi,

Muhaimin