Da Bakina Na Karanta Sunan Mutumin

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don girman Allah ka sakaya sunana. Sati uku ke nan ko abinci ba na jin daɗinsa, na rasa wanda zan tunkara da maganar nan, don Allah ku taimaka min da shawara.

Ni ma'aikacin jami'a ne a nan Wudil, ɓangaren kwamfuta. Surukina, mahaifin matata, ɗan siyasa ne tun lokacin da soja suka koma bariki, yanzu haka yana riƙe da wani muƙami da ba zan faɗa ba. Baba nake ce masa, kuma wallahi uba ya zame min. Ni na buɗe masa imel tun ina neman 'yarsa, ina ta rawar jiki in burge shi. Da ya samu muƙami ofis suka ba shi nasu imel ɗin, ya ce shi ba zai iya haddace fasuwod, wato kalmar sirri, mai kama da lambar mota ba, duk takardar da ta taso a turo masa ta tsohon. Na taɓa nuna masa akwai haɗari, a kaikaice yadda ake yi wa suruki magana, ya yi dariya ya ce mu 'yan boko mun cika tsoro.

Baba kuma ba ya karanta saƙo da kansa, ba don bai iya ba, shi dai a wurinsa girma ne a karanta masa. Bayan la'asar ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, jama'a su cika, masu neman alfarma da masu fadanci, saƙo yana shigowa sai ya miƙa wa na kusa da shi wayar ya ce karanta mu ji. Ranar da abin ya faru ni ne a kusa. Gaisuwa kawai na je, ina durƙushe kaina a ƙasa ya miƙo min. Na hau karantawa ina fassarawa, har da ɗaga murya don na baya su ji, kun san ɗan boko a gaban surukai. Ashe rahoton wani kwamitin tsaro ne kan masu sayar wa matasa ƙwaya a bakin kogi, a ciki har da sunan wanda ya tona musu asiri. Sai da sunan ya fita daga bakina, da ƙauyensu da komai, sannan na lura da tambarin sirri da na tsallake a saman takardar. Mutum ya fi ashirin a wurin. Baba ya karɓi wayarsa ya jefa aljihu ya sako wata hirar.

Kwana huɗu bayan nan aka tare mutumin a hanyar gonarsa wajen Utai, aka karya masa hannu aka farfasa injin ban-ruwansa. Magana ta yi girma aka kafa kwamitin bincike, sai laifi ya faɗa kan matar da ta buga rahoton a ofishin Baba, mu kira ta Hajiya Ladi, wai ita ta fitar da takardar gwamnati ta imel ɗin da ba na ofis ba. An dakatar da ita, alhali 'yan watanni suka rage ta yi ritaya, kuma duk wanda ke ofishin ya san umarnin wa ta bi, amma kowa ya ja bakinsa.

Na faɗa wa matata, ta yi kuka ta ce ba za ta hana ni faɗin gaskiya ba, amma in sani mahaifinta zan tozarta a bainar jama'a, kuma ba ta san da wane ido za ta kalli mahaifiyarta ba. Na je wurin Baba da kaina, ko bari in ƙarasa bai yi ba, ya ce in ƙura ta lafa zai sama wa Hajiya Ladi abin yi, sannan ya miƙo min wayar ya ce in goge saƙon. Na yi 'yan danne-danne na mayar masa. Yana zaton na goge, amma saƙon yana nan, ƙarya ta farko ke nan da na taɓa yi masa.

Abin da ya ƙarasa karya min zuciya jiya ya faru. Hajiya Ladi maƙwabciyar mahaifiyata ce, a gabanta na girma, sai ga ta a ofishina da 'yar jakarta wai in taya ta rubuta takardar kare kanta tunda na san harkar kwamfuta. Ina bugawa tana faɗa min, “Ɗana, ni inda aka ce in tura na tura. Ban san bakin da ya faɗi sunan bawan Allahn nan ba, amma duk sallar da na yi sai na kai ƙararsa wurin Ubangiji.” Wallahi na ce amin, don ban san me zan ce ba. Da za ta tafi har albarka ta sa min.

Litinin kwamitin zai zauna. In na je na faɗi abin da ya faru, Baba zai iya rasa kujerarsa, aurena ma ban san inda zai tsaya ba, ga 'ya'ya uku. In na yi shiru za a kori matar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Jama'a ya zan yi? In fara zuwa wurin kwamitin ne, ko in fara zuwa in durƙusa a gaban Hajiya Ladi in ce mata bakin da take kai ƙararsa nawa ne?