Fasfon Lizel

Lahadi, 8 ga Satumba

Biza ta fito. Ɗana Mu'ayyad ya bugo daga Aƙaba inda yake aiki, ya ce: "Yumma, sun ba matata izinin shiga!" Wa'adin wata biyu ne. In Lizel ba ta shigo Jodan kafin goma ga Nuwamba ba, an koma farko, kuma neman wannan ya ci wata huɗu. Cikinta ya shiga na biyar. In aka koma farko a Filifin za ta haihu, jikana ya buɗe ido a garin da ban iya faɗin sunansa ba.

Saura abu ɗaya. A ƙasarsu ba a barin mace ta bi mijin da ba ɗan ƙasa ba sai ta je wani ofishi a Manila, an zauna da ita, an yi mata tambayoyi, an ba ta takarda. Ba takardar, ba hawa jirgi. Suna son hotunan biki da takardar aure, kuma an ce wasiƙa daga gidan miji tana taimakawa.

Ya ce, "Rudaina ta buga a na'ura, ke dai ki sa hannu." Na ce to. Bai san to ɗin na baki ba ne.

Laraba, 11 ga Satumba

Na rubuta da hannuna. Kwana uku, takarda shida na yaga. Shekara hamsin da biyu ina dangwala yatsa, sai da Malama Ibtisam ta zaunar da mu a ajin mata. Yanzu a ce wasiƙar farko da za ta fita daga gidan nan zuwa wata ƙasa 'yata Rudaina ce za ta rubuta mini? A'a.

Na sa duk abin da uwar kirki za ta faɗa. Na ce yarinya ce mai ladabi, ba ta da ƙiwa. Na ce mijina shekara biyu yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, za ta samu ladan yi masa hidima kamar mahaifinta. Na ce ba za mu bar ta tana yawo ita kaɗai a titi ba, mu ba irin mutanen nan ba ne. Na ce fasfonta da duk takardunta zan adana su a akwatina na ƙarfe, mabuɗin a wuyana, ba abin da zai ɓata.

Na karanta wa mijina, Abu Mu'ayyad. Da bakinsa da ya karkace ya ce, "Fidda, wannan wasiƙa ce ko huɗuba?" Amma na ga ya ji daɗi.

Asabar, 14 ga Satumba

Rudaina ta zauna da babanta, na hau mota zuwa Irbid wurin mai fassara. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Hajiya, haka kike so a bar ta? Zancen fasfon nan fa?" Na ce me ya samu zancen fasfo? Ya ce ba komai, ra'ayi ne. Na ce ba ra'ayi na zo saya ba. Ya fassara, ya buga hatimi, ya aika wa Lizel ta waya.

Na dawo ina jin kaina kamar wata lauya.

Alhamis, 26 ga Satumba

Sun riƙe takardar. Ba su ba ta ba.

Juma'a, 27 ga Satumba

Mu'ayyad ya zo. Bai ci abinci ba. Ya tsaya a ƙofar madafa da wayarsa a hannu, wasiƙata a ciki, yau ya fara ganinta.

"Yumma, me kika yi?"

Na ce yabonta na yi.

"Kin ce za ki riƙe fasfonta. Kin ce ba za ta fita ba. Kin ce za ta yi jinya. Matar ofishin ta karanta ta ce wannan ba aure ba ne, 'yar aiki ake nema ba albashi. Aikinsu ke nan, su tare irin wannan. Kin san mata nawa aka kwaso haka?"

Na ce ni ce zan yi wa ɗiyar mutane haka? Ya ce, "Ni na sani. Ita matar ta san ki?"

Sai ya faɗi abin da ban taɓa ji ba. Na san a Kuwait suka haɗu, tana aiki a gidan burodi, shi yana gyara musu na'urar sanyi. Ban san kafin nan ta yi shekara huɗu a wani gida ba. Ranar da ta sauka matar gidan ta karɓi fasfonta ta kulle. Mahaifinta ya rasu tana can, ba ta je ba.

Na ce to me ya sa ta miƙa wasiƙar, tunda ta karanta? Ya ce ta karanta, ta yi kuka, amma ta ce ba za ta buɗe baki ta ce wasiƙar uwar mijinta ba ta yi ba. Da matar ta tambaye ta, in surukarki ta ce kawo fasfo za ki bayar? Ta ce, "Zan bayar." Wannan amsar ce ta ƙarasa lalata komai.

Abu Mu'ayyad na jin mu daga ɗaki. Da na kai masa shayi ya ce, "Ke da kika koyi rubutu jiya, yau kin rufe filin jirgi." Ban yi dariya ba. Shi ma da ya ga fuskata ya daina.

Talata, 1 ga Oktoba

Ba na son alƙalamin nan yau. Da ina dangwala yatsa ban taɓa cutar da kowa ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Bayana ya riƙe da safe ina juya Abu Mu'ayyad. Na daɗe a durƙushe riƙe da ƙarfen gado, yana kallona ba yadda zai yi.

Zan rubuta wani abu a nan tunda ba mai karantawa. Ranar da Mu'ayyad ya ce mini wadda zai aura 'yar Filifin ce, kuma Kirista, maƙwabta sun zaci zan tayar da gida. Ban tayar ba. Umm Shadi har ta ce, "Kai, Fidda, zuciyarki mai faɗi ce." Ba faɗin zuciya ba ne. Abin da ya fara zuwa kaina shi ne, an ce sun iya kula da marar lafiya. Bayana na tuna, ba ɗana ba.

Ɗakin da na gyara musu ma, wanda yake manne da na babansa ne, da ƙofa a tsakani. Don ta riƙa ji in ya kira.

Matar ofishin ba ta san ni ba. Amma ba ƙarya ta karanta ba.

Litinin, 7 ga Oktoba

An ba da rana. Matar ofishin ta ce ba ta son wata wasiƙa, wasiƙa kowa na iya gyarawa. So take ta gan ni a waya ta yi magana da ni, ranar ashirin da huɗu. Kwana goma sha bakwai kafin bizar ta mutu. Mu'ayyad ya ce zai rubuta mini amsoshi in haddace. Na ce haddar da na iya ta salla ce.

Lizel ta kira ni da kanta. Larabcinta na Kuwait ne, na kicin, wani lokaci sai na ce ta maimaita. Ta ce, "Mama, ki yafe, ni na ɓata." Na ce ke kika rubuta? Na ce kina cin abinci? Ta ce shinkafa sau uku. Na ce har da safe? Ta ce har da safe. Na ce Allah ya kyauta. Ta yi dariya, karo na farko da na ji.

Na so in tambaye ta zancen mahaifinta. Bakina bai iya ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na sa an kwashe tulin man zaitun da tsofaffin katifu daga ɗakin sama. Yana da taga mai kallon itatuwa, da banɗakinsa. Daga can ko Abu Mu'ayyad ya yi ihu ba a ji. Na gwada: na sa shi ya kira, na tsaya a sama. Da na sauko ya ce, "Na kira har na gaji, na ce ta sami miji a bene."

Na tara yaran. Rudaina za ta riƙa zuwa Litinin da Laraba. Mu'ayyad ya nemi a dawo da shi Irbid, wanka da ɗagawa nasa ne. Rudaina ta ce, "Yumma, shekara biyu muna cewa mu karɓe ki kina cewa kin isa." Na ce yanzu ban isa ba, sai ki rubuta ki ajiye.

Laraba, 23 ga Oktoba

Gobe ne. Na goge baƙar rigata sau biyu.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Da hantsi suka kira, can yamma ta yi. Matar ba ta kai shekaruna ba, gashi gajere, fuska ba fara'a ba fushi. Lizel a gefenta, cikin ya fito sosai. Akwai tafinta. Matar ta ce Mu'ayyad ya fita daga ɗakin. Ya fita yana waiwaye.

Ta ce wa ke kula da mijinki yanzu? Na ce ni da 'ya'yana. Ta ce da kika rubuta wasiƙar, kin sa rai Lizel za ta karɓe ki? Na san amsar da Mu'ayyad yake so. Na ce, "Na sa rai." Na ga Lizel ta sunkuyar da kai. Na ce, "Bayana ya gaji, na yi kwaɗayi. Yanzu na raba aikin ga waɗanda ya haifa."

Ta ce a nuna mata inda Lizel za ta kwana. Na hau bene da waya a hannu, ina haki, tana ganin rufi da ƙafafuna. Na nuna taga, na nuna mabuɗin ƙofar a ta ciki.

Sai ta ce, akwatin fa? Na sauko na buɗe mata. Takardar aurena, ta gona, ta haihuwar yara, katin asibitin babansu. Na ce shekara talatin ina riƙe da su ban san abin da ke ciki ba, na dai san mahaifina ya rasa gonarsa don takarda ta ɓata. Na ce ba na sa takardar baƙo a ciki. Wanda na sa tasa, nawa ne.

Tafinta ya faɗa. Sannan matar ta ce, "Na gane. Amma fasfonta a hannunta zai zauna. In uwarta ta yi ciwo, ba sai ta roƙi mabuɗi a wuyan kowa ba."

Na ce na ji.

Ta ce, "Kin ji, ko kin yarda?"

Na ce ki ba ni lokaci, jiya na fara koyo. Ban sani ba ko tafinta ya faɗa daidai. Ta rubuta wani abu. Ta ce za a sanar da su.

Laraba, 30 ga Oktoba

Shiru. Saura kwana goma sha ɗaya. Ana kaɗe zaitun, ina tsinta ina ƙirga kwanaki. Mu'ayyad ba ya ce mini komai, da ma ya yi faɗa.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Sun ba ta takardar. Jirgi ranar Alhamis. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Ta iso. Ƙarama ce fiye da yadda take a waya. Sanyi ya kama ta tun a mota, na yafa mata mayafina. Ta shiga ta gaida Abu Mu'ayyad, ta ɗauki hannunsa mai lafiya ta ɗora a goshinta, haka suke yi wa manya. Ya ce, "Fidda, ga wadda ta san darajata, shekara talatin da biyar ba ki taɓa ba." Ta ga matashinsa ya zame ta kai hannu za ta gyara. Na riga ta. Na ce ki je ki ci abinci.

Na dafa mansaf, abincinmu na tarar baƙi. Naman kaɗan ta taɓa, shinkafar ta cinye.

Bayan la'asar ina ɗaki ina ninke kaya ta shigo, ta rufe ƙofa. Ta ciro fasfon daga cikin rigarta ta miƙo da hannu biyu. Ta ce, "Mama, matar ofis ba ta nan. Kin ce wanda kika sa tasa a ciki naki ne."

Hannuna ya kai wuyana, ya taɓa mabuɗin. Ban san ya kai ba.

Na ce akwatin ya cika, ba wuri. Ta dubi akwatin, ta dube ni. Na ce ki hau da shi sama, akwai aljihun tebur mai kulle, kuma kada ki gaya mini inda kika sa mabuɗin, ni mai mantuwa ce. Na ce in yaron ya zo, takardar haihuwarsa ma ke za ki riƙe, ki dai kawo in karanta.

Ta tsaya kamar za ta yi magana. Na ce ana jiran ki.

Akwai wuri a akwatin. Ko rabi bai kai ba.

Gobe in tashi da wuri in ɗora shinkafa.